Fiton da Na Ɓoye

Shekarar da muka baro Kaya muka tare a gidan kawuna a Talata Mafara, maigidana ya riga ya rasa kunnensa na hagu, na dama kuma ya fara tafiya.

Mai gyaran rediyo ne. Watanni kaɗan kafin tashinmu, mutanen daji suka tare motar da ya shiga a hanyar Maradun, suka kora su cikin jeji shi da sauran fasinja. Da suka gane sana'arsa sai suka ware shi, suka jibge masa rediyoyi da wayoyi da fitilu, ya kwana goma sha ɗaya yana yi musu gyara a gindin wata tsamiya. Ranar da za su sake shi, ɗayansu ya ɗora masa bindiga a kafaɗa ya harba sama. Wasa ne a wurinsa, sauran ma dariya suka yi. Maigidana ya dawo gida da ƙafarsa, jini ya bushe a wuyan rigarsa.

Likitan da ya duba shi a Gusau bai ɓoye mana komai ba. Ya ce na hagu ya tafi ke nan, na dama kuma ya taɓu, zai riƙa raguwa a hankali, ba zai iya cewa ga ranar da zai ƙare ba. Ya ce siraran sauti ne za su fara ɓacewa. Haka kuwa aka yi. Kukan tsuntsaye ya fara rasawa, sai ƙarar cokali a kwano, sai muryata idan ban matso kusa na kaurara ta ba.

Ni kuwa a kan littattafan soyayya na tashi, irin waɗanda ake shimfiɗawa a ƙasa ranar kasuwa, muna musayarsu da ƙawaye har bangonsu ya cire. A cikinsu ma ciwo yana zuwa, amma yakan tarar da mace mai haƙuri da daɗin baki, wadda ba ta barin kalmar da za ta ɓata fuskar mijinta ta fita daga bakinta, kuma kafin shafi na ƙarshe ya warke. Na yarda da wannan har zuciyata. A gidanmu ma kara aka koya mana: idan mutum ya nuna miki abin da ya sha wahala a kansa, ba ki duba idonsa ki ce akwai aibu.

Yana da jita mai amfani da lantarki, ja, fentinta duk ya koɗe. Wani Buzu mai gadin gonar shinkafa a Bakura ne ya koya masa ya kuma bar masa ita, tun yana koyon aiki. Ta bayan katangar gidanmu na fara jin ta kafin in san fuskar mai kaɗa ta. Yanzu sai ya zauna ya taɓa tsirkiya, ya ga tana rawa, bai ji komai ba sai ya kafa haɓarsa a jikin katakon.

Ya gwada amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ta wani abokinsa mai ba da kayan sauti a bukukuwa. Ya dawo yana riƙe da kai. Ya ce ƙara ce kawai kamar ana dukan kwano, tana soke shi ba ta shiga. Abin da yake so shi ne muryar rediyon mahaifinsa, tsohon rediyo mai kwalabe a ciki, wanda sai ya yi ɗumi yake magana. Ya ce wannan muryar tana da kauri, kunnensa zai iya riƙe ta. Ranar tashinmu daga Kaya wannan rediyon ya ɗauko a ka, muka bar gadona a can.

"In na haɗa tawa amfilifayar da kwalaben ga, zan ji jitata," in ji shi. "Ko na wata ɗaya ne, mai littahi. In ji ta dai kahin a ruhe ƙohwa."

Haka yake kirana, mai littahi. Ni kuma Malam nake ce masa.

Ya zana abin a bayan takardar buhun siminti, layuka da da'ira kamar taswirar gari. Ya farke rediyon ya zaɓi kwalabe biyu: ƙarama, wadda ya ce ita ke tada sautin daga barci, da babba mai tura shi zuwa lasifika. Yana neman faranti na ƙarfe da zai dasa su a kai, na ɗauko masa babban tirena na kayan ɗaki, wanda ban taɓa ɗora komai a kansa ba. Ya huda shi da ƙusa da guduma, ya faɗaɗa ramukan da magagari.

Matar kawuna, wadda muke kira Inna, ta leƙo ta gani.

"Ke ɗiyar ga, mijinki ya maida tirenki rariya kina kallo? Halan tuwo za a tace da shi?"

"Kiɗa zai yi, Inna."

"Awo, kiɗa. Mu da munka rasa barci don tsoro, ga mai kawo muna kiɗa." Ta tafi tana dariya, amma da rana ita ce ta aiko masa da garwashi a kasko, don a nan yake ɗora ƙarfen dalmarsa, tunda wutar lantarki sai ta ga dama take zuwa.

Taransifomar da ke tsakanin babbar kwalba da lasifika ta ƙone tun da daɗewa, dole ya naɗa sabuwa da hannu. Wayar tagulla ce siririya kamar gashi. Yana juya sanda, ni ina ƙirga zagaye, duk ɗari in jefa ƙwayar gyaɗa ɗaya a kwano. Kwana shida muka yi. Waɗannan kwanakin su ne mafi daɗi da na yi a garin nan. Manyan motoci na wucewa a titin Sakkwato, ƙaurin dalma ya cika ɗaki, gwiwata na taɓa tasa, ni kuma ina ganin kaina a tsakiyar wani littafi da bai kai ga masu sayarwa ba.

Ya gargaɗe ni cewa abin yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an kashe, wutar da za ta iya kada babban mutum, don haka kada in kuskura in kai tsumma wurin. Shi kansa idan zai sa hannu ciki, ɗaya hannun a bayansa yake ajiyewa.

Sannan ya ba ni aikina na gaske. Yana da mita, amma ya ce mita ƙarfin wuta kawai take nunawa, ba ta da kunne.

"Ke ce kunnena. Abu biyu za ki saurara. In kin ji gunji kamar ƙudan zuma cikin tulu, ki hwaɗi. In kin ji fito siriri kamar na sauro, ki hwaɗi. Kin jiya?"

"Na jiya, Malam."

Gunjin ne ya fara zuwa, kuma ban ɓoye ba. Duk lokacin da aka kawo wuta sai ya bar abin da yake yi, ko da abinci ne, ya kunna, mu jira kwalaben su yi ja, ya dube ni.

"Mi kike ji?"

"Zuma na nan."

Sai fuskarsa ta faɗi. Ya kashe, ya kwance, ya sake ɗaure wayoyi, ya canza wa taransifoma mazauni. Wani lokaci a yi kwana uku ba wuta, ta zo ta yi rabin sa'a ta koma. Mako huɗu muna haka. Na faɗi kalmar nan har na tsane ta, domin duk sanda na faɗa, ni ce nake ganin abin da take yi masa. A cikin makonnin nan ne ya daina jin sallamar masu kawo gyara daga zaure, sai in zo in taɓa kafaɗarsa.

Wata Alhamis da hantsi, bayan ruwan farko, aka kawo wuta. Jiya-jiya ya sake shimfiɗa wayoyin gaba ɗaya. Ya kunna. Kwalaben suka yi ja a hankali kamar garwashin da aka hura. Na kasa kunne. Babu zuma, ko kaɗan. Ya jona jitar, ya fara murɗa maɓallin ƙara. Da ya wuce rabi sai na ji wani abu siriri ya taso, can sama, kamar sauro ya shige cikin ƙoƙon kaina. Ba shi da ƙarfi. Amma yana nan, ba ya yankewa.

Kafin in buɗe baki ya taɓa tsirkiya.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haka ba. Ya sake taɓawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai kauri har zuwa siririyar ƙarshe, yana karkata kunnen dama wajen lasifika. Duk shida ya ji. Sai ya kama kiɗan nan da yake yi a bayan katangarmu, hawaye na bin gemunsa, bai ma share ba. Da ya tsaya ya juyo.

"Mi kike ji, mai littahi?"

Na dubi idonsa. Na ce a raina ɗan fito ne, wa zai cutar? Bari ya samu yau ɗin nan cikakkiya, gobe na faɗa.

"Tsab, Malam. Ba komi."

Washegari ma aka kawo wuta, ya yi ta kiɗa daga hantsi har aka kusa tafiya masallaci. Inna ta ja ni bayan rumbu.

"Kiɗan da daɗi, ban ƙi ba. Amma wanga fito mi ne ne? Har cikin haƙorina nike jin shi."

"Inna, ki rufa mani asiri. Ba ya jin shi. Ki bar shi ya huta."

Ta dube ni, ta ɗaga kafaɗa. "Mijinki ne."

Rana ta uku, yana tsakiyar kiɗa, na ji ƙauri kamar gashi ya faɗa wuta. Na leƙa bayan akwatin rediyon, inda ya zaunar da tiren. Ƙarfen da ke cikin babbar kwalba ya yi jawur kamar na maƙera. Na daki cinyarsa ina nunawa, kafin ya kai hannu ya kashe sai muka ga ɗan walƙiya a ciki, sautin ya ɗauke. Da ta huce ya zare ta ya ɗaga a haske. Cikinta ya yi fari kamar an shafa toka. Ya daɗe yana juya ta a hannu.

Ba a sayar da irin kwalaben nan a kasuwa. Aka kwatanta masa wani tsoho a Bakura wanda ya yi gyaran rediyo tun zamanin da babu wani iri sai su. Tare muka tafi, domin ba zai ji abin da ake tambayarsa a shingen hanya ba. Duk wanda ke motar idonsa a kan daji yake, har muka isa.

Tsohon ya karɓe mu a zaurensa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da gajiya da ruwa da zaman tsoro, ina maimaita wa Malam a kunne. Ya shiga ciki ya fito da kwalba ɗaya naɗe a tsohuwar hula.

"Ita kaɗai ta rage mani, ɗana. Na ba ka don Allah. Amma kwalba ba ta mutuwa haka nan. Ka nemo abin da ya kashe waccan kahin ka sa wagga, don ba ni da ta ukku." Ya miƙa masa hular. "Ba ta yi wani kuka ba kahin ta mutu? Fito ko wani abu?"

Na maimaita wa Malam tambayar da bakina. Ya juyo ya dube ni, tsohon ma ya dube ni. A gaban baƙo, a zauren mutane, da wane baki zan ce na yi wa mijina ƙarya kwana uku?

"A'a, Baba. Ba ta yi ba."

"To, sai ka duba naɗinka," in ji tsohon. "Wataƙila waya ta haɗe a ciki."

Wannan amsar tawa ita ce ta ci mana wata biyu.

Ya ajiye sabuwar kwalbar a cikin akwatin kayana, ya rantse ba zai sa ta ba sai ya gano laifin. Ya warware taransifomar da muka naɗa, zagaye bayan zagaye, yana bin wayar da yatsa. Bai ga komai ba. Muka sake naɗawa, na sake ƙirgawa, ina jefa gyaɗa a kwano, na san ba nan matsalar take ba. Ya auna kowane ƙaramin abu da mita. Ya canza waɗanda lafiyarsu ƙalau. Ya bi zanensa da fensir har takardar ta huje.

Damina ta yi nisa, gero ya kai ƙugu a gonakin bakin gari, waɗanda ake iya zuwa. Malam ya daina jin kiran salla daga masallacin da ke bayan gidanmu, sai ya riƙa duba inuwa. Wata rana aka yi tsawa da ta sa Inna salati, shi kuwa ya ɗaga kai kawai ya ce kamar mota ta wuce.

Kowace safiya nakan ce yau zan faɗa. Na rubuta masa wasiƙa har sau uku, irin ta littafi, shafi huɗu-huɗu, cike da hasken idona da sanyin zuciyata, sai in karanta in ga har ƙarshe ban rubuta kalmar fito ba. In cusa ta a murhu. Kullum jinkirin na ƙara wa maganar nauyi, nauyin kuma na ƙara mini jinkiri. Inna ta daina yi mini wasa. Idan muka haɗu a bakin rijiya sai ta dube ni ta kau da kai.

Ranar da ya fara warware taransifomar karo na biyu, wayar ta tsinke ta yanke shi a yatsa. Ya ajiye, ya zauna yana kallon jinin.

"Ba kunnen kaɗai ya tahi ba," ya ce. "Hannun ma ya bi shi. Abin da na haɗa da kaina, na kasa gane inda na ɓata. In haka ne gara in daina taɓa kayan mutane."

Na durƙusa kusa da shi na ce, "Malam, ta yi fito."

"Mi?"

Na matsa bakina ga kunnensa. "Ta yi fito."

Ya girgiza kai, ya nuna kunnen. A littattafan da na karanta, irin wannan magana a hankali ake yin ta, a ɗaki, murya na rawa. Ni ban samu wannan ba. Da tsakar rana ne, ƙofa a buɗe, Inna na daka a tsakar gida, matan maƙwabta na shanya a bayan katanga. Na cika ƙirjina na ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin gulbi.

"Ta yi fito! Tun ranar farko! Na ji, na ce maka ba komi! Ƙarya na yi maka, na yi wa tsohon Bakura!"

Taɓaryar Inna ta tsaya. Bayan katanga ma aka yi tsit.

Bai yi fushi irin wanda na shirya wa ba. Ya tsotse yatsansa, ya tambaye ni kamar yadda yake tambayar mai kawo gyara.

"Siriri?"

Na ɗaga kai.

"Yana tasowa in na murɗa?"

"In ka wuce rabi!"

Ya jawo tiren ya kifa shi, ya zari tsinke ɗaya daga tsintsiya, ya sa a tsakanin wayoyi. Ya ɗaga wata 'yar waya da ke kwance a jikin wata.

"Wagga ce. Mai shiga da mai hita sun kwanta wuri ɗaya, sautin na komawa yana cin kanshi. Da ranar Laraban nan na shimhiɗa su."

Ya ɗora ƙarfen dalma a garwashi, ya cire wayar, ya bi da ita ta ɗaya gefen. Ruwan shayi ba zai tafasa ba a lokacin da ya ɗauka. Daga nan ya ɗauko sandar naɗi, tunda taransifomar a warware take, ya turo mini kwanon gyaɗa da ƙafa ba tare da ya dube ni ba. Kwana biyar muna naɗi. Ban da lissafi babu abin da ya fita daga bakina, shi ma bai neme shi ba.

Ranar da aka kawo wuta ya ciro kwalbar tsohon daga hula ya dasa ta. Ya ɗora yatsa a makunni, sai ya tsaya.

"Ki kira mani Inna."

Tun da muka zo gidan bai taɓa haɗa ido da ita ba, surukarsa ce, daga nesa yake durƙusawa ya gaishe ta. Na fita na kira ta. Ta yafa mayafi ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, kanta a sunkuye, ita ma kunya ta kama ta. Ya kunna. Muka jira. Ya murɗa har ƙarshe. Bai dube ni ba, ita ya duba.

Inna ta kasa kunne da gaske, har da rufe ido. Sannan ta kaɗa hannu.

"Shiru! Ba zuma, ba sauro!"

Ya ɗauki jitar. Sautin da ya fito ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba, mai kauri, mai ɗumi, har wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ya bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya kamar wancan karon. Ta farko, ya gyaɗa kai. Ta biyu, ya gyaɗa. Ta uku ya taɓa, ya sake taɓawa da ƙarfi, ya kai kunnensa har jikin lasifika. Ya gwada sauran ukun. Ni ina jin su sarai, kowace da muryarta.

"Biyu sunka rage," ya ce.

Da su biyun ya yi ta kiɗa har kaka. Ya mayar da kiɗe-kiɗensa duka kansu, ya rage musu ado, suka koma kamar tafiyar raƙumi. Bai taɓa tada maganar ba, ko sau ɗaya, kuma bai daina kirana mai littahi ba. Na so ya zage ni. Na taɓa tsayawa a gabansa na ɗaga murya na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun ranar, in tashi kada tuwo ya kama. Na yarda ya yafe. Amma ni na ƙirga kwanakin nan sittin, na san abin da ke cikin kunnensa a farkonsu da abin da ya rage a ƙarshensu.

Bayan an shigo da gero, wata safiya aka kawo wuta. Ya kunna, ya jira, ya daki tsirkiya mai kauri. Kwanukan Inna suka amsa daga ɗakinta. Ya murɗa har ƙarshe ya sake duka, ƙasan ɗakin ya yi rawa a ƙarƙashin tabarmata. Sai ya miƙa wuya ya leƙa bayan akwatin don ya ga ko kwalaben sun kama. Sun kama, duka biyun, jawur lafiya lau.

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya kashe, ya zare wayar jitar ya naɗe ta a hannu, ya ce in kawo masa fura, akwai rediyon wani mutumin Garbadu da ya yi alkawarin gamawa kafin azahar.